Shafi na Shida

Marka ta shigo bana da ƙarfinta. Kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo ba, katangar bayan makarantarmu ta zube, tufafin da aka shanya sun fara wari. A cikin wannan yanayi ne shekaranjiya na daka wa Malama Zainabu tsawa a ofishin hedimasta, gaban mutane. Ita ke kula da sunayen 'yan aji shida masu zana jarrabawa. Ta shirya sunayen a kwamfutarta, ta turo mani ta waya, ta ce in na shiga Dutsin-Ma in buga mata. Na ce ta mayar da shi PDF tukuna, don kada wani abu ya motsa. Ta yi dariya ta ce, "Haba Malam Lawal, ai duk inda aka buɗe shi ɗaya ne."

Ban san sanda na bugi tebur ba. Na ce mata ƙarya ne, ba ɗaya ba ne, kuma kada ta ƙara faɗin haka a gabana. Baiwar Allah ta yi tsuru-tsuru, hedimasta ya cire tabarau yana kallona. Ba ta yi mani komai ba. Maganar da ta yi ce ta haɗu da ƙarar ruwa a kan kwano, suka mayar da ni shekara goma sha biyar baya, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar marka.

Wanda ya yi azumin bazara kaɗai yana zaton ƙishirwa ce wahalar azumi. Na marka ba ƙishirwa a cikinsa, yunwa ce tsagwaronta. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, don haka a ƙauyenmu da ke yankin Rawayau rumbuna sun ƙare tun kafin a gama noman farko. Da azumi ya kama, gero ya kai kafaɗa, kore shar, ya fara fid da kai, amma ko tsuntsu ba zai samu abin tsinta a jikinsa ba. Kullum ka wuce ta cikinsa da cikinka yana kuka.

Sahur ɗinmu ƙanzo ne da aka jiƙa, in an samu, ko kunun da kana iya hango ƙasan kwarya ta cikinsa. Gari na wayewa a ɗauki fartanya. Ciyawa ba ta san ana azumi ba, ruwan kwana ɗaya ya ishe ta ta rufe gona. Gayya muka riƙa yi, yau gonar wane gobe ta wane, domin ba mai ƙarfin da zai iya tasa shi kaɗai. Babu kiɗa, babu fura, sai numfashi da ƙarar ƙarfe cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mata kuwa tun hantsi suna bakin gonaki suna tsinkar tafasa da rama. Da la'asar duk garin ya turnuƙe da hayaƙin ɗanyen itace, idanu na hawaye, tukunya ta ƙi tafasa. A sha ruwa da kunun tsamiya babu sukari, a bi shi da kwaɗon tafasa wanda ƙuli-ƙulin cikinsa ƙamshinsa kawai ake ji.

Ranar wata Laraba Mai Unguwa Sale ya aiko a kira ni. Ya ce wasu masu ba da agaji sun buɗe ofis na ɗan lokaci a Dutsin-Ma, za su ba gida sittin na ƙauyenmu buhun masara ɗai-ɗai. Sharaɗinsu uku ne. Sunaye su zo bugaggu da na'ura, ban da rubutun hannu. Kowane mai gida ya dangwala yatsa a gefen sunansa. A kai takardun kafin sha biyun ranar Litinin.

"Kai kaɗai ke da abin nan a garin ga," in ji shi. "Ka iya?"

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ina da wata tsohuwar kwamfutar hannu da na sayo a Katsina, na yi kwas na wata uku, har tafiyata ta sauya. Na zauna na tsara abin tsaf, suna goma sha biyu a kowane shafi, da fili isasshe don babban yatsa, shafi biyar cif. Ranar Alhamis na hau babur zuwa Kurfi, shagon wani abokina mai firinta. Kurfi ta yi sati biyu babu wuta, iska ta karya turaku, sai da muka tada janareta. Firintar ta yi gurnani ta fito da shafuka biyar, amma tawadarta ta ƙare. Rubutun ya fito fari-fari, sai ka karkata takardar kafin ka karanta. Babu ofishin da zai karɓi wannan. Ga hadari ya taso, ga rana ta yi, Dutsin-Ma ba ta tafiyuwa a ranar. Kuma Juma'a ce kaɗai ranar da ake samun mutanenmu a wuri ɗaya, sauran kwanaki kowa na daji.

A nan na yi dabarar da har yau in na tuna ta nake jin kamar in mari kaina. Na ce ai ba sai suna ya riga yatsa hawa takarda ba. Na samo fararen takardu biyar masu kyau, na ɗora kowace a kan dusasshiyar, na bi da fensir na yi alamar inda kowane layi ya faɗa. Mutane su dangwala a kan farar takarda, daga baya in kai Dutsin-Ma a zuba takardun cikin firinta, sunaye su sauka kowanne a gefen yatsan mai shi. Abin da na gani a kwamfutata shi zai fito a ko'ina, haka na ɗauka. Mai Unguwa da ya ji dabarar sai da ya ce boko ya yi rana.

Bayan an sauko daga masallaci aka taru a zaurensa. Na buɗe ɗan akwatin tawada irin na ranar zaɓe, ina kiran suna daga dusasshiyar takarda, ina kama yatsan mutum ina ɗora shi a kan alamar fensir. Yadda aka saba yin komai a garinmu haka aka jera sunayen, liman da dattawa a gaba, sannan magidanta, sannan samarin da suka ajiye iyali. Matan da ba su da namiji a gida su ne ƙarshe. Su biyar ne, suna tsaye a bayan zaure ƙarƙashin indararo, sun lulluɓa da buhunan taki saboda yayyafi, suna jiran maza su watse. Ba wanda ya ga laifin haka, ni ma ban gani ba.

Ta ƙarshensu Gwaggo Hure ce, yayar mahaifina, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata. Mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi kudu ci-rani shekara uku ba labari, ya bar mata jikoki mata biyu. Tun ina rubuta sunaye na so in sa ta a farkon mata, ta aiko a ce mani kada in kuskura, kada a ce ɗanta ne mai alƙalami ya tura ta gaba. Ta shigo tana goge hannu da gefen zane. Yatsanta duk faso ne saboda cirar ciyawa.

"Lawalli, wanga yatsa nawa shina kamawa kuwa? Duk ya tsattsage."

"Zai kama, Gwaggo. Danna da ƙarfi."

Ta danna har takardar ta lotsa. Lamba sittin, can ƙasan shafi na biyar. Ta ɗaga yatsan ta duba shuɗin da ya shige cikin fason, ta yi murmushi ta ce, "To, na yi lalle ba biki."

Asabar aka kwana aka wuni ana ruwa. Lahadi rafin da ke tsakaninmu da titi ya cika ya batse, ko shanun Fulani ba su tsallaka ba. Sai Litinin da safe ya ja baya. Na naɗe takardun cikin leda uku, na cusa a cikin riga, muka ɗauki babur a kafaɗa ni da wasu mutum biyu muka haye. Kafin in kai kwalta na faɗi sau biyu cikin taɓo. Sha ɗaya saura na shiga Dutsin-Ma, wandona ja har gwiwa, idona na ganin duhu-duhu don yunwa.

Shagon da na samu da janareta a kunne cike yake da ɗalibai. Mai shi wani ne Nasiru, sa'ana, da ƙaramin tawul a wuya. Na roƙi ɗaliban suka bar ni na wuce gaba. Na yi masa bayani dalla-dalla, na nuna masa yatsun, na ce takardun nan ba su da na biyu. Ya karɓi filas ɗina, ɗan abin da na kwafo sunayen a ciki daga kwamfutata, da yatsa biyu.

"Ba ni aiki a kan filas ɗin ƙauye, Malam. Bairos ke cikinsu."

Ya buɗe, ya kwashe rubutun gaba ɗaya, ya zuba a sabon shafi na kwamfutarsa, ya zare filas ɗin ya miƙo mani. Duk cikin ƙiftawar ido. Na leƙa ta kafaɗarsa, na hango lamba a ƙasan allo.

"Na ga kamar shida ta rubuta. Nawa shafi biyar ne."

"Fanko ne na ƙarshen, haka take yi."

"Ko za a gwada a wata takardar tukuna?"

Ya juyo ya dube ni daga hula har taɓon ƙafata. "Malam, kai ka koyar da yara, ni ka bar mani aikina. Man janareta ya kusa ƙarewa, ga mutane na jira."

Na yi shiru. Wannan shirun shi ne babban laifina, kuma kunya ce ta sa ni, kada ɗalibai su ce baƙauye na gardama da mai sana'a. Ya zuba takarduna biyar, ya danna. Suka fito ɗaya bayan ɗaya. Da ta biyar ta fito sai firintar ta tsaya tana ƙyafta jar wuta, tana neman ƙari. Ya zaro wata fara ya ba ta.

Shafin farko ya tsaya a suna na sha ɗaya. Yatsa na sha biyu na zaune a ƙasa shi kaɗai, gefensa fari fat. Shafi na biyu ya fara da suna na sha biyu a gefen yatsan mutum na sha uku. Na uku ya goce da biyu, na huɗu da uku. Sunan ladan ya hau yatsan mahauci, na Mai Unguwa ne kawai da dattawan farko suka tsira. Kowane shafi ya tura suna ɗaya gaba, har guda biyar suka zubo a kan shafi na shida, sabuwar takarda wadda ba yatsan da ya taɓa ta. Matan nan biyar ne. Sunan Gwaggo Hure ne na ƙarshe, yatsanta kuwa yana can ƙasan shafi na biyar ba suna.

Na ce, "Ka kashe ni."

"Ni? Kwamfuta ba ta kuskure, Malam. Abin da ka ba ta shi ta ba ka."

Ba don azumi ba, da an raba mu a ranar. Na ɗaga murya har masu shagunan kusa suka leƙo. Shi ko ko gezau, yana karɓar filas ɗin mai bi mani. Da ya ga na ƙi tafiya sai ya jawo aljihun tebur, ya fito da akwatin tawada ya tura gabana.

"Mi ne abin tashin hankali? Yatsu goma gare ka. Dangwala biyar a nan, wa zai sani?"

"Da azumi a bakina zan yi shaidar zur?"

"To kai ka sani."

Na kwashi takarduna na fita ina jin ni mai gaskiya ne. Ban tsaya na yi tunanin cewa takardun da ke hannuna sun riga sun cika da sunaye a kan yatsun da ba nasu ba, kuma su ba su dame ni ba. Na ce a raina jami'in mutum ne, in na yi masa bayani zai gane.

Sha biyu saura kwata na isa ofishin. Jami'in na zaune da jan biro, takardun ƙauyuka sun yi tsibi a gabansa. Yana bin layi da bakin biro, suna da yatsa, suna da yatsa. Bai damu da ko yatsan wa ne ba. Da ya zo shafi na shida bai ko ɗago kai ba, ya ja layi biyar.

Na ce, "Yallaɓai, tsaya. Ga yatsunsu nan, dubi ƙasan kowane shafi. Yatsa sittin ne, suna sittin. Na'ura ce ta gotar da su."

"Suna babu yatsa ba ya shiga. Daga sama aka ce."

"To waɗannan yatsun biyar fa?"

"Yatsa babu suna ban san ko na wane ne ba."

Na ce ya ba ni zuwa gobe in kawo matan da kansu. Ya ce yau da azahar takardu ke tafiya. Na ce zawarawa ne da marayu, su suka fi kowa buƙata. Ya ce kowa ya zo nan haka yake cewa. Ya zare shafi na shida ya miƙo mani, ya kira na baya.

Sai da na kai wajen gari, ina tura babur cikin laka, dabara ta zo mani. Kowane shafi akwai gurbi a ƙasansa da yatsa yana jira. Da na sa Nasiru ya mayar da takardun ya buga suna ɗaya-ɗaya a guraben nan, da an wuce wurin, kuma da sunan Gwaggo ya sauka a kan nata yatsan na gaskiya. Aikin minti goma. Fushi da yunwa suka toshe mani kai. Na tsaya a tsakiyar hanya na zagi kaina da babbar murya, ba kowa sai gero yana kaɗawa.

Na gaya wa Mai Unguwa. Ya ce duk mai dangi cikin matan nan biyar ya je ya sanar da tasa. Sauran huɗun an gaya masu. Ni na je ƙofar gidan Gwaggo sau biyu ina juyowa. Na ce gobe, gobe ta yi na ce jibi, ina fatan ko a wurin rabo za a samu rara.

Ranar da motar masarar ta zo, a filin makaranta aka sauke. Gwaggo ta zo da jakin maƙwabci da ta aro, jikokinta biyu na riƙe da igiya. Ta tsaya can gefe yadda ta saba. Aka yi ta kiran suna, buhuna na raguwa. Aka kira na hamsin da biyar, mai kira ya ninke takarda. Ta ɗan jira, sannan ta matso a hankali, ta ɗaga masa babban yatsanta. Kwana shida da dangwalawa, shuɗin na nan cikin fason bai fita ba.

"Ɗana, ƙara dubawa. Na dangwala, ga shi."

Ya ce babu sunanta. Ta juyo ta neme ni cikin taro har ta same ni. Ta sauke yatsan. Ta karɓi igiyar jakin daga hannun yaran, ta juya.

Mai Unguwa ya sa kowane gida ya fid da tiya guda a haɗa wa matan. Wasu suka cika, wasu suka kawo rabi suna ƙunƙuni, wasu har yau ba su kawo ba. Abin da ya iske Gwaggo bai kai kwatan buhu ba. Na ɗauki rabin nawa na kai mata, ta sa aka mayar, ta ce ina da mai jego a gida. A ranar na zauna a tsakar gidanta na yi mata bayanin komai, da kwamfuta da firinta da shirun da na yi. Tana ta tsinke tafasa ba ta dube ni ba. Da na gama ta ce, "Abin da ya yi mani ciwo, Lawalli, da buhun nan nawa ne. Yanzu na zama wadda ake tara mawa." Kafin sallah ta fara yankar geronta ɗanye tana yi wa yara tumu, kan da ya kamata ya jira sati uku. Da kaka ta yi, dami huɗu ta ɗaure a gonar da ke ba ta goma.

Bayan shekara biyu, a wani taron horar da malamai a Katsina, na ba wani labarin. Ya buɗe kwamfuta ya nuna mani wuri ɗaya. Ni na tsara aikina a kan girman takardar da muke amfani da ita, A4. Sabon shafin Nasiru kuwa a kan wata yake, Leta, wadda ta gaza tamu tsawo da kamar faɗin yatsa. Faɗin yatsa ɗin nan shi ya ci layi guda a kowane shafi. Ya ce ko ba wannan ba, in wata kwamfutar ba ta da irin harafin da ka yi rubutu da shi, musanya shi take yi da nata, layuka su motsa. Ya nuna mani yadda ake daskarar da takarda ta zama PDF, yadda ko ina ka kai ta ba ta gocewa. Duka bai ɗauke shi minti biyu ba. Maimakon in yi murna, sai na ji wani sabon baƙin ciki ya taso mani. Wata uku na yi ana koya mani yi wa rubutu ado da launi, ba wanda ya taɓa nuna mani wannan.

Yanzu ko'ina akwai firinta, Kurfi kanta shaguna sun fi a ƙirga, yara na shirya takarda a waya. Amma har gobe ina shiga shago in ga ana kwashe rubutun mutum ana zubawa a sabon shafi, kuma har gobe raina na ɓaci. Masu shagunan Dutsin-Ma sun san ni, ba sa murna in na shigo. Ba a taɓa mani rubutu, sai an fara gwadawa a takardar banza, kuma daga sunan ƙarshe nake fara dubawa in yi sama.

Jiya na je na ba Malama Zainabu haƙuri. Na tafi mata da shafi na shida, yana cikin akwatina tun ranar, jan biron ya koma ruwan ƙasa. Ta karanta sunayen biyar, ta tambaye ni ko Gwaggo ta yafe mani.

Na ce ai ba ta taɓa yarda na yi laifi ba, kuma wannan ne ya fi ci mani rai. Shekara tara ta ƙara a duniya, ba ta sake dangwala yatsa a wata takarda ba, ko ranar zaɓe ba ta fita. Duk wanda ya tayar da zancen masarar nan a gabanta, ya fara kawo sunana, sai ta tare shi ta miƙa masa hannu.

"Ku bar yaron nan, aikinshi ya yi daidai. Yatsana ne ba ya kamawa."